Neman ungulu daga saman benenmu a Agege

Wannan harka ta ɗaukar hoton tsuntsaye da mutane ke ta tambayata a kai, daga bakin Hajiyarmu ta samo asali. Lokacin muna cikin kullen korona ne, wanda aka sa wa Legas tun daren 30 ga Maris 2020, ba kasuwa ba masallaci, shagona na kayan waya a Ikeja yana garƙame, kowa na zaune a gida. Na kira ta mu gaisa, na sa wayar a sifika don yara su ji muryarta, tana ba ni labarin wani ɗan uwanmu da bai saba zuwa gaisuwa ba amma satin nan ya zo har sau biyu, sai tace ai ungulu ba ta jewar banza. Muka yi dariya muka yi sallama. Ina ajiye wayar sai 'yata ta fari, lokacin shekararta 7, ta ɗago kai tace, "Abba, mece ce ungulu?"

Wallahi tambayar nan ta tsaya min a rai. Ni a ƙauyenmu can ƙasar Haɗeja na tashi, inda ungulu ba abin tambaya ba ce. Ranar kasuwa za ka gan su jere a kan rumfar mahauta, da Sallar layya kuwa har tsakar gida suke sauka, a kore su su matsa taku uku su tsaya suna kallon tumbi. Tsamiyar da ke bayan masallaci tasu ce, ƙasanta duk fari fat da kashinsu, shi ya sa in aka ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya mu ba ma buƙatar a fassara mana. To ga yarinya, uwa Bahaushiya uba Bahaushe, an haife ta a Agege tafiyar minti kaɗan daga Abbatuwa ta Oko-Oba inda ake yanka shanu kullum ta Allah, amma ba ta taɓa sa ungulu a idonta ba. Na buɗe intanet in nuna mata, waɗanda suka fara fitowa manya-manyan nan ne na dazukan Kenya da Tanzaniya masu dogon wuya, nace waɗannan danginta ne, tamu ƙarama ce, baƙi-baƙi, da siririn baki da sanƙon fuska. Nace mata bari a buɗe gari, zan kai ki Abbatuwa ki gani da idonki.

Kafin a buɗe garin, zaman ɗaki ya ishe ni, sai na riƙa hawa saman benen da muke haya bayan sallar asuba, can inda tankunan ruwa suke. Wanda ya san Agege ya san ba gari ne na shiru ba, danfo, Keke Marwa, janareta, jiragen da ke sauka Ikeja suna bi ta kanmu. A satuttukan nan duk sun yi tsit. Abin da na fara ji kukan kurciya ne, irin wanda nake ji a gindin gawo in muna kiwo, sai da tsigar jikina ta tashi, don na kai shekara goma sha ɗaya a wannan gari ban taɓa lura da ita ba, alhali tana nan a kan wayar wuta kullum. Daga nan kunne ya buɗe. Ga ragon maza a cikin ciyawar gefen layin dogo yana wannan kukan nasa kamar ana tsiyaye ruwa daga gora, ga gwara a bakin indararo, ga hankaki biyu da suka mai da eriyar maƙwabta wurin hira, ga wani babba mai ruwan toka da tukku da ɗorawan baki da ke sauka kan mangwaro yana ƙyaƙyata dariya, wanda yarana suka sa wa suna mai dariya. Sama kuma shirwa, sun fi goma, suna ta shawagi ta wajen kasuwa.

Da waya na fara ɗauka. Abin da ke fitowa ɗan ɗigo ne baƙi a tsakiyar farin sama, in ka zuƙo shi ya watse.

Da aka sassauta kulle ranar 4 ga Mayu, ban ɗauki yarinyar ba tukuna, na ce bari in fara zuwa in ga inda suke zama. Na zagaya Abbatuwa tun daga turken shanu har bayan inda ake zubar da ƙazanta. Balbela kam ba adadi, wasu har sun yi dauɗa sun koma ruwan ƙasa, hankaki ma ga su nan. Ungulu ko ɗaya. Na koma washegari, na koma wani satin, haka. A ƙarshe na samu wani dattijo mahauci, mutumin Sakkwato, yana wasa wuƙa a gindin rumfa, na durƙusa na gaishe shi nace, "Baba, don Allah ƙarfe nawa ungulu suke zuwa nan?" Ya dube ni ya daɗe, sannan yace, "Ɗan nan, kai baƙo ne? Da muka zo garin nan rufin kwanon can ba ka ganinsa don ungulu. Yanzu rabona da ita har na manta shekarar." Nace ina suka tafi? Yace ba tafiya suka yi ba, kama su aka yi.

Na dawo gida jikina a sanyaye, abin da ya fi damuna shi ne, na tambayi mutane da yawa a Zango da Abbatuwa, tsofaffin da suka shekara talatin arba'in a nan, ko akwai mai hoton wurin lokacin da ungulu ke cike da shi. Babu. Akwai hoton biki, akwai na naɗin sarauta, akwai na dawowa daga Makka, amma wa zai ɓata fim a kan ungulu? Abin da yake ko'ina ba a ɗaukarsa. Ranar na ƙudurta cewa waɗanda suka rage, su kurciya da hankaka da balbela da shirwa da ake gani kamar ba za su taɓa ƙarewa ba, zan ɗauke su, in rubuta rana da wuri a kan kowane hoto.

Kyamarar da nake riƙe da ita har yau ta hannu ce, Nikon D3300, da gilashin zuƙowa 70-300mm shi ma na hannu, a Ikeja na saye su bayan na yi wata biyar ina tari. Tsohon yayi ce, masu hoton biki ma sun wuce wurin, amma tana harba hoto biyar a daƙiƙa ɗaya kuma in haske ya wadata tana fitar da gashin tsuntsu ɗai-ɗai. Mai son farawa kada ya tsaya jiran sai ya samu ta miliyoyi. Abin da zan ce ya duba kawai kafin ya biya, ya cire gilashin ya haska shi da tocilan waya daga baya, in ya ga wani abu kamar yanar gizo-gizo a ciki to fumfuna ce, ya ajiye musu kayansu. Fumfuna ita ce babbar abokiyar gabar kyamara a Legas saboda laimar iskar garin nan. Ni a daminar farko na ajiye tawa cikin jaka a durowar kaya na kwana ashirin ban taɓa ba, da na fito da ita ta fara tsirowa a gefen gilashi, sai da na biya aka kwance aka wanke. Tun daga nan cikin robar abinci mai murfi mai kama iska take kwana, tare da 'yan ƙunshin silika ɗin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi ko na waya, in sun jiƙa in shanya su a rana mai zafi ko in ɗumama su a tukunya. Batir kuma biyu nake da su, don wutar unguwarmu ba a yi mata alkawari.

Abin da ya fi ba ni wuya a farko saurin shota ne, wato tsawon lokacin da idon kyamara ke buɗewa kafin ya rufe. Tsuntsu ba ya zama. Ko kurciya da kake gani shiru a kan waya, kanta na motsi, ƙirjinta na motsi. Wata uku ina dawowa da hotuna dishi-dishi ina zargin gilashi, ashe na bar kyamarar tana zaɓar wa kanta 1/125. Yanzu in tsuntsu na zaune ba na sauka ƙasa da 1/500, in yana tashi 1/2000, ƙofar haske in bar ta a f/8 don nan ne wannan gilashin nawa ya fi kaifi, ISO kuma, wato ƙarfin jin hasken kyamara, in bar shi ya hau da kansa amma in yi masa iyaka a 1600. Sai ido. In idon tsuntsu bai fito tar ba, ko fikafikan sun yi kyau hoton ya mutu, don haka ɗigo ɗaya na saiti nake amfani da shi in ɗora shi a kan ido.

Sannan kowane tsuntsu da irin rigimarsa da haske. Balbela fara ce sol, in rana ta doke ta kyamara na ƙona farin ya zama kamar an manna takarda, dole in danna maɓallin ƙari da ragi in rage haske da mataki ɗaya. Shirwa kuma akasin haka, tana sama, bayanta farin gajimare, kyamara sai ta ga haske ya yi yawa ta duhunta komai, shirwar ta fito baƙa wuluk kamar inuwa, nan ƙarawa ake yi mataki ɗaya ko ɗaya da rabi kafin ka ga ruwan ƙasan jikinta da ɗorawan bakinta. Hankaka ya haɗa duka biyun, baƙi ƙirin da farar riga, in ka gyara wa farin baƙin ya toshe, in ka gyara wa baƙin farin ya ƙone, shi sai ranar da gari ya yi lumshi nake samunsa yadda nake so. Rana a Legas kusan tsakanin 6:30 da 7:00 take fitowa duk shekara, daga fitowarta zuwa wajen 9 shi ne lokacina, bayan nan hasken ya yi tsauri ni ma kuma shago na jira. Da hunturu, Disamba zuwa Janairu, hazo na saukowa har nan, yana kashe launin abin da ke nesa amma abin da ke kusa yana ba shi wani laushi mai kyau, hotunan kurciya da na fi so duk na hazo ne.

Yawancin hotunana ban yi tafiyar da ta wuce ta ƙafa ba na same su. Na sa wani tsohon faranti mai faɗi a kan bulo a saman bene, kullum in zuba ruwa wanda bai wuce gaɓar yatsa ba, in wanke shi duk kwana biyu saboda sauro. Sati biyu ba wanda ya kula shi. Daga baya kurciya ta fara zuwa, gwara suka biyo, sai 'yan mitsi-mitsin nan masu baƙin kai da farin ciki da ke zuwa garke guda su jeru a bakin farantin kamar 'yan makarantar allo. Ni kuma ina zaune a ƙasa a bayan tanki, rana a bayana, na jingina gilashin a kan gwiwa. Zama a ƙasa ɗin nan yana da muhimmanci, in ka ɗauki tsuntsu daga tsaye kana kallonsa ƙasa hoton na fitowa kamar na abin da aka tsinta, in ka sauko daidai idonsa sai ya zama kamar kun haɗa ido da mutum. Matar gidan ƙasa, Bayarabiya, tana da wata fulawa mai jan fure a bakin katanga, nan sha-kauci ke zuwa da safe, namijin ƙirjinsa na walƙiya shuɗi da kore da shunayya, cikinsa ɗorawa, bai kai babban yatsa biyu ba, ya zura lanƙwasasshen bakinsa cikin fure ya tsotsa ya wuce kafin ka ce kwabo. Wata huɗu na yi ina bin sa kafin na samu hoto ɗaya da nake iya nuna wa mutane. A gida kan kauci muke ganinsa, shi ya sa aka sa masa sunan, a nan ya samu fulawar Mama ya riƙe.

Marai kuwa suna da gari guda a kan wata bishiyar kwakwa a bayan wata makaranta, sun yage ganyenta sun bar tsirara. Namiji ne ke saƙa, ya tsago ganye siriri da baki ya zo ya ɗaure ya zagaya ya cusa, in ya gama ya rataye a ƙasan sheƙar kai a ƙasa yana kaɗa fikafikai yana ƙara don mace ta zo ta duba, in ba ta yi mata ba ya kwance ya sake sabuwa. Na taɓa zama awa biyu ina kallon ɗaya. Amma daga nesa nake ɗauka, kuma wannan ina roƙon duk mai sha'awar harkar nan ya riƙe, kada a matsa wa sheƙa, kada a karya reshe don hoto ya fito, kada a kunna kukan tsuntsu a waya don a jawo shi. In uwa ta tashi daga kan ƙwai saboda kai, hankaka na gefe yana kallo. Mu da muka tashi da danƙo a aljihu muna harbin duk abin da ya motsa a kan reshe, mun ɗauki alhakinsu da yawa, ni dai nawa ya isa haka.

Amma duk cikinsu shirwa ce ta fi shiga raina, kuma sai da na shekara biyu ina rubuta rana kafin na gane dalili. A littafina na ga daga wajen watan Mayu suna raguwa, Yuni Yuli Agusta sama ta zama fayau babu ko ɗaya a unguwarmu, sai cikin Oktoba in hau bene wata safiya in ga guda biyu uku suna juya wutsiyar nan tasu mai baki biyu kamar matuƙin kwalekwale, kafin Disamba sun cika ko'ina, Mile 12, bolar Ojota, saman gadar Pen Cinema. Da na bincika sai na tarar abu ne sananne wurin masana, shirwa mai ɗorawan baki tana bin ruwa ne, damina in ta kama ta yi arewa, rani in ya shigo ta gangaro kudu. To wannan ai cin rani ne. Daidai lokacin da yaran garinmu ke gama girbi su hau tirela su zo Legas turin baro da gadi da sayar da rake, lokacin take zuwa, daidai lokacin da suke tattara 'yan kuɗinsu su koma don shuka, lokacin take komawa. Wata safiya ina saman bene ina bin wata da kyamara, ƙasa kuma ga wasu samari uku da buhunansu sun sauka daga mota suna tambayar hanyar Zango, na kasa ci gaba da ɗauka na tsaya ina kallonsu su duka. Akwai aya ta 38 a Suratul An'am da ke cewa dabbobin ƙasa da tsuntsayen da ke tashi da fikafikansu al'ummomi ne kamarmu, tun ina yaro nake karanta ta, a saman benen nan na ji ta a jikina.

Ba ita kaɗai ba ce ma. Akwai wani kore siriri mai farin maƙogwaro da baƙin layi a ido da dogayen gashin wutsiya biyu, mai cafke ƙudan zuma a iska, a can bakin Sahara yake ƙyanƙyasa da damina, rani ya gangaro kudu garke-garke. In kuma na samu Lahadi na je bakin lagun ta wajen Akoka, ina tarar da 'yan ƙananan masu dogon ƙafa da ke gudu a bakin taɓo suna kaɗa gindi, waɗannan daga Turai da Rasha suke, sun ƙetare teku da hamada, irin baƙin da ke sauka fadamun Haɗeja da Nguru da Dagona kowace shekara. A bakin lagun ɗin ne kuma na ga baƙin zalɓe yana yin laima da fikafikansa, ya rufe kansa ruf a kan ruwa, kifi ya shigo inuwar ya cafke. Shamuwa ce dai ba ta zuwa mana nan, ita in ta gama renonta a arewa, gabashi da kudancin Afirka take nufa, ina kewarta duk farkon damina.

Yawo da dogon gilashi a Legas yana da nasa ƙalubale, musamman ga Bahaushe. Akwai ranar da nake tsugune a bakin wani kanal ina jiran wani shuɗin tsuntsu mai jan baki ya juyo, sai ji na yi an dafa ni, samari huɗu, ɗaya na cewa aboki me kake ɗauka, wa ya aiko ka. Raina ya ɓaci amma na san ba wurin gardama ba ne. Na juya musu allon kyamarar na riƙa wucewa da hotunan ɗaya bayan ɗaya, kurciya, balbela, sha-kauci, marai a bakin sheƙa. Suka yi shiru. Babbansu ya ce in koma baya in nuna masa shuɗin nan, ya ce shekararsa nawa a unguwar bai san akwai irin wannan ba, na nuna masa shi da hannu a kan waya, ga shi can zaune. Yanzu in na bi ta wurin shi ke tare ni da turancin buroka yana ce min tsuntsunka ya zo jiya. Duk da haka na koyi darasi, ba na ɗaga kyamara ta fuskar filin jirgi ko bariki ko ofishin 'yan sanda ko banki ko tagar gidan mutane, in zan shiga sabuwar unguwa kuma sai na fara gaida masu shago da masu gadi na gaya musu abin da ya kawo ni.

Daga baya na gane rubuta rana da wuri da nake yi a littafi akwai masu buƙatarsa. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Jos tana gudanar da aikin taswirar tsuntsayen Najeriya tun ƙarshen 2015, sun yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 tsawo 9 faɗi, kai kuma ka zagaya naka gidan aƙalla awa biyu ka shigar da duk tsuntsun da ka gani ko ka ji a manhajar BirdLasser ka tura. Ba sai kana da digiri ba, kuma akwai matasan arewa da yawa a ciki. Najeriya na da nau'in tsuntsaye fiye da 900, ni a gidan da Agege ta faɗa abin da na tabbatar da hoto bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba, amma kowane ɗaya da ranarsa. In na rasa gane wani ina gwada manhajar Merlin mai taimakawa wajen gane tsuntsu, in kuma tura wa waɗanda suka fi ni sani su duba. Na je Lekki Conservation Centre sau biyu, wadda gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, ta kafa a 1990, hekta 78 na daji da fadama a tsakiyar gine-gine, da gadar sama mai tsawon mita 401, wuri ne mai kyau ƙwarai kuma ya kamata kowa ya kai 'ya'yansa. Sai dai can akwai masu ƙirga tsuntsayensa. Layin dogo na Agege da bayan Abbatuwa da kanal ɗin unguwarmu, in mu mazauna wurin ba mu ƙirga ba ba mai zuwa.

A wurin waɗannan mutanen na ji cikakken labarin abin da dattijon nan ya gaya min a taƙaice. Ungulun tamu ta gida, tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta a jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Babban abin da ke cinye ta a yankinmu cinikin kanta da ƙafafunta da gashinta ne don tsubbu da neman sa'a, ana zuba guba a nama a kashe garke guda a tashi ɗaya, a Gini Bisau kaɗai an kashe fiye da 2,000 ta wannan hanya a wajen 2020. Wasu kuma naman suke sayarwa da sunan wani abu, maganar ungulu da kan zabo ai ba daga sama ta faɗo ba. Ga manyan bishiyoyin da take sheƙa a kai ana sarewa. Ita kuma ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, in ka kashe uwa ɗaya ka kashe zuriya. Ba zan ɗora wa wata ƙabila ba, don masu kamawa da masu kaiwa kasuwa da masu saye akwai namu a ciki, na ga busassun kawunanta da idona a shimfiɗar masu magani a arewa da kudu. Tsuntsuwar da ke kwashe mushe kafin ya ruɓe ya jawo cuta, ba ta taɓa ɗaukar ɗan tsakon kowa ba, mun raina ta muna zagi da sunanta sannan mun bari an ƙarar da ita a gabanmu.

Alkawarin da na yi wa 'yata sai a 2023 na cika shi, tana da shekara 10. An gaya min akwai sauran 'yan kaɗan a dajin Lufasi da ke kan hanyar Lekki zuwa Epe, bayan an wuce Ajah. Muka fita bayan asuba ranar Asabar, ni da ita, muka hau gadar Third Mainland gari na wayewa tana ƙirga masunta a kan ruwa, gosulo ya riƙe mu a Ajah, ba mu isa ba sai da rana ta ɗaga. Muka zagaya muka zagaya ba komai, ta gaji ta zauna a kan wani kututture tana cin burodin da muka taho da shi. Can wajen ƙarfe 11 wani ma'aikacin wurin ya zo ya taɓa kafaɗata yace Alhaji duba can, ya nuna ƙololuwar wata doguwar bishiya. Guda biyu ne. Ɗaya ta buɗe fikafikai tana shan rana, ɗayar ta sunkuyar da kai, ga sanƙon fuskar nan ja-ja, ga farin gashin ƙeya kamar ta yafa mayafi, ita ce dai, ta bayan masallacinmu. Hannuna na rawa, rana kuma na bayansu, na ƙara haske mataki biyu na jingina da bishiya na harba wajen talatin. Sannan na rataya wa yarinyar kyamarar a wuya na riƙe mata gilashin daga ƙasa nace sa idonki nan. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sai tace, "Abba, ai ba ta da muni." Ta danna da kanta, kuma nata ne ya fi fitowa, don a daidai lokacin ungulun ta juyo ido ya kama haske.

A mota muna dawowa na tura wa ƙanena hoton ta WhatsApp nace ya kai wa Hajiya ta gani, ya gaya mata jikarta ce ta ɗauka. Muna kan gada saƙon murya ya shigo, na sa a sifika. Hajiya ta sa wa yarinyar albarka ta daɗe tana yi, sannan tace, "Ɗan nan, a ina kuka same ta? Mu nan rabonmu da ita tun kafin a sare tsamiyar bayan masallaci."